Zomo Ba Ya Fushi Da Makashinsa: Nazarin Wasan Julius Caesar



A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin Turanci ya ba mu wani aikin gida da ya tayar da hayaniya a aji. Ya ce mu karanta wasan kwaikwayon Julius Caesar na Wiliyam Shekisfiya, kowa ya rubuto shafi uku a kan tambaya guda: wane ne mugun wasan? Nan take aka fara gunaguni. Mu da muka zo neman difloma a aikin akanta, ina ruwanmu da Turancin da ya shekara ɗari huɗu? Ni kaina niyyata ita ce in kwafo wani abu daga intanet in miƙa, a wuce wurin. Amma da na aro littafin a laburare na fara dubawa, sai na tsinci kaina a ciki, a inda ban so in ga kaina ba. Zan zo kan wannan daga baya. Yanzu dai ga abin da na fahimta, ko zai amfani ƙannenmu na ajin farko da za su gamu da wasan, da kuma duk wanda zai kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙungiyar ɗalibai da ke tafe. Sunayen taurarin na rubuta su yadda bakinmu ke furta su.

Asalin wasan

An haifi Shekisfiya a 1564, ya rasu a 1616. Ya rubuta wannan wasa a wajajen 1599, aka kuma nuna shi a Landan a shekarar, amma ba a buga shi a littafi ba sai 1623. Ba shi ya ƙirƙiri labarin ba. Ya ɗauko shi ne daga littafin Plutarch na tarihin manyan mutanen Girka da Rum, wanda Thomas North ya fassara zuwa Turanci a 1579.

Kafin mutum ya gane wasan, sai ya san yadda Rumawa suka tsani sarauta. Bisa tarihinsu, tun shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kori sarkinsu na ƙarshe, suka koma jamhuriya mai majalisar dattawa da shugabannin da ake zaɓa duk shekara. Juliyas Kaisar babban janar ne. Ya ci ƙasar Gol, wato yankin Faransa ta yau, sannan ya yi yaƙin basasa da Fompi ya ci nasara a kansa a shekara ta 48. A farkon shekara ta 44 aka ba shi cikakken iko na tsawon rayuwarsa. Ranar 15 ga Maris ta wannan shekara wasu 'yan majalisa suka kashe shi. Sunansa ne ya zama laƙabin sarakunan Rum da muke gani a littattafan tarihin Musulunci, watan Yuli ma daga sunansa aka samo shi.

Su kuma 'yan kallon Landan na 1599 abin ya shafe su kai tsaye. Sarauniya Elizabet ta ɗaya ta haura shekara 65, ba ta da ɗa, ba ta kuma ambaci magaji ba. Kowa na fargabar abin da zai biyo bayanta.

Labarin a taƙaice

Wasan kashi biyar ne. A kashi na ɗaya Kaisar ya dawo Rum da nasara, talakawa suna ta murna. Wani ɗan duba ya gargaɗe shi game da ranar 15 ga Maris, ya yi watsi da shi. A wurin wani biki, amininsa Antoni ya miƙa masa kambin sarauta har sau uku, yana turewa. A gefe guda kuma Kasiyus ya fara zuga Burutus, wanda Kaisar ke ƙauna ƙwarai.

A kashi na biyu Burutus ya shiga ƙungiyar maƙarƙashiya. Matar Kaisar, Kalfurniya, ta yi mugun mafarki ta hana shi fita, amma ɗaya daga cikin maƙarƙasan, Desiyus, ya lallaɓe shi ya fito. A kashi na uku aka kashe shi a majalisa. Burutus ya yi wa jama'a jawabi suka yarda da shi, Antoni ya hau bayansa ya juyar da su, gari ya kama da wuta, makasan suka gudu. A kashi na huɗu Antoni da Oktabiyus da Lefidus suka karɓe mulki, Burutus da Kasiyus kuma suka tara runduna. A kashi na biyar aka gwabza a Filibi, Kasiyus da Burutus duk suka zaɓi mutuwa a kan kamu.

Ku lura, mai sunan wasan ya mutu tun a tsakiyarsa. Sauran rabin duk a kan abin da kisan ya haifar ne.

Dogon buri

Laifi ɗaya aka kashe Kaisar a kansa, wai yana da burin zama sarki. To, gaskiya ne? Shekisfiya ya ba kowane ɓangare hujja. Kaska, wanda ya ga miƙa kambin, ya ce kowace turewa ta fi ta baya sanyi, kamar mai ƙin abinci yana haɗiyar yawu. Jami'ai biyu da suka cire ado daga gumakan Kaisar an rufe musu baki. Yakan ambaci sunan kansa kamar yana zancen wani, kuma 'yan daƙiƙoƙi kafin a soke shi yana kwatanta kansa da tauraron arewa da ba ya gusawa. Babbar hujja kuwa tana kashi na biyu, fitowa ta biyu. Ya riga ya yarda zai zauna a gida, sai Desiyus ya fassara mafarkin da alheri, ya ƙara da cewa yau majalisa za ta ba shi kambi, in bai zo ba za su iya sauya shawara. Jin haka ya ce a kawo masa rigarsa.

Amma fa Kaska yana cikin makasan, shaidarsa ta maƙiyi ce. Kuma Kaisar ɗin da muke gani mutum ne mai rauni: kunnensa na hagu ba ya ji, yana da farfaɗiya. A hanyarsa ta zuwa majalisa wani ya miƙa masa takardar da ke ɗauke da sunayen makasan, ya ce masa ta shafe shi shi kansa, sai ya ce ai abin da ya shafe shi shi ne na ƙarshen dubawa. Girman kai ne ko sadaukarwa? Wasan bai yanke hukunci ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, Kaisar kaɗai ake zargi da buri, alhali kowa a wasan yana da nasa. Kasiyus ba ya iya jure ganin wanda ya taɓa cetowa daga nutsewa a kogin Taiba ya zama abin rusuna wa. Antoni, da aka ɗauka ɗan shagali ne kawai, yana samun dama ya nuna farcensa. Oktabiyus, yaro matashi, tun a filin daga ya fara yi wa Antoni gardama, kuma shi ne ya yi maganar ƙarshe a wasan. Burutus ma yana da nasa: yana so a tuna da shi kamar kakansa na can baya da ya kori sarki. Burin suna ma buri ne, sai dai shi ba a cika gane shi ba saboda yana zuwa da farar riga.

Cin amana

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kaska ne ya fara suka, Burutus ne na ƙarshe. Da Kaisar ya ga har da shi, sai ya kira sunansa cikin mamaki, ya daina kare kansa. Abin da zai ƙara muku nauyin wannan wuri shi ne tarihi: Burutus da Kasiyus duk a ɓangaren Fompi suka yi yaƙin basasa. Kaisar ya yafe musu, ya ba su muƙamai.

Yaya mutumin kirki ya kai ga wannan? Amsar tana kashi na biyu, fitowa ta ɗaya, inda Burutus ke magana shi kaɗai a lambunsa da dare. Ku karanta wurin nan a hankali. Ya fara ne da hukunci, cewa dole Kaisar ya mutu, sannan ya shiga neman dalili. Da bakinsa ya amsa cewa ba shi da wani ƙulli a kansa, kuma bai taɓa ganin son zuciya ya rinjayi hankalinsa ba. Amma wai in aka ba shi kambi zai iya sauyawa, don haka a ɗauke shi kamar ƙwan maciji, a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Wato an yanke wa mutum hukuncin kisa a kan laifin da ake zaton zai yi. Ku da kuke karanta akanta, wannan kamar a rubuta asara a littafi ba tare da rasit ko ɗaya ba.

Sannan akwai wasiƙu. Kasiyus ya rubuta takardu da rubutun hannu daban-daban, kamar daga mutanen gari suka fito, ya sa aka jefa su ta tagar Burutus. Burutus ya karanta ya ce ai Rum ce ke kiransa. Bai tambayi wanda ya rubuta ba, saboda abin da ke ciki shi yake so ya ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa suka nace sai da shi? Kaska ya faɗa ƙarara: abin da za a ga laifi ne in su suka yi, fuskar Burutus za ta mai da shi aikin kirki. Ashe shi ma Burutus an ci amanarsa. Ba shawararsa suke so ba, sunansa suke so su ara.

Mugunta

A finafinanmu tun fitowar farko ka san bos, daga dariyarsa ma. Nan ba haka ba ne.

Kasiyus ne wanda yawancin ajinmu suka zaɓa, kuma suna da hujja. Shi ya ƙulla, shi ya ƙirƙiri wasiƙun. A ƙarshen fitowa ta biyu ta kashi na ɗaya, da ya rage shi kaɗai, ya amsa cewa yana lanƙwasa Burutus ne, kuma da shi ne a matsayinsa ba zai yarda a yi masa haka ba. Daga baya ma an zarge shi da sayar da muƙamai. Amma shi ne ya fi kowa hangen nesa. Ya ce a kashe Antoni tare da Kaisar, Burutus ya ƙi. Ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabin jana'iza, Burutus ya bar shi. Ya ce a zauna abokan gaba su taho su gaji, Burutus ya ce a tafi Filibi. Duk sau ukun Kasiyus ke da gaskiya ta fuskar dabara, duk sau ukun ya sakar wa abokinsa. Ya kuma mutu ne cikin baƙin cikin zaton an kama amininsa Titiniyus, alhali kuskuren hangen nesa ne.

Antoni fa? Ƙaunarsa ga Kaisar gaskiya ce, mun gan shi yana kuka a kan gawar ba kowa a wurin. Amma ku dubi yadda ya yi aiki da wannan ƙauna. Ya gaisa da makasan hannu da hannu, jini bai bushe ba. A jawabinsa ya yi ta maimaita yabonsu da kalmar mutunci har kalmar ta koma zagi. Ya ɗaga takardar wasiyya ya ce ba zai karanta ba, don jama'a su matsa masa. Ya ɗaga alkyabbar Kaisar yana nuna hujin wuƙar wane da na wane, alhali ba ya wurin lokacin kisan, an janye shi waje. Ina ya san hujin kowa? Ba wanda ya tambaya. Daga ƙarshe ya sanar cewa Kaisar ya bar wa kowane ɗan gari dirakma 75 da lambunansa. Da taron ya watse da wuta a hannu, sai ya ce wa kansa fitina ta tashi, ta bi duk inda ta ga dama.

Ku juya shafi zuwa kashi na huɗu, fitowa ta ɗaya. Ga Antoni da Oktabiyus da Lefidus zaune suna ɗiga alama a sunayen waɗanda za a kashe. Lefidus ya ba da ɗan'uwansa, Antoni ya ba da ɗan 'yar'uwarsa, kamar masu musayar kaya a kasuwa. Sannan Antoni ya aiki Lefidus ya ɗauko wasiyyar nan, don a ga yadda za a rage kason da aka bar wa mutane. Wasiyyar da ya sa talakawa kuka da ita fa! Lefidus na fita kuma ya kwatanta shi da jakin dako.

Shi kansa Burutus bai fita ba. A fitowa ta uku ta wannan kashi ya wanke Kasiyus tas a kan cin hanci, ya ce shi ba zai iya tatsar talakawa ba. A cikin wannan faɗan kuma yake ƙorafin cewa ya aika Kasiyus ya ba shi zinariya ya biya sojoji, an hana shi. Ba ya so hannunsa ya taɓa ƙazanta, amma yana son kuɗin da ƙazantar ta kawo.

Sai kuma taron jama'a, wanda ɗalibai kan manta da shi. Waɗanda suka yi wa Fompi tafi jiya su ne ke yi wa Kaisar yau. Burutus na gama bayanin cewa ya kashe Kaisar don kada a yi sarki, wani a cikinsu ya yi ihun a naɗa Burutus ɗin ya zama sabon Kaisar. Ka ga ba su ma gane zancen ba. Bayan jawabin Antoni suka tare wani mawaƙi mai suna Sinna, sunansa ɗaya da wani cikin makasan. Ya yi ta rantsuwa shi mawaƙi ne, suka ce to a yayyaga shi saboda munanan waƙoƙinsa. Wallahi wannan gajeriyar fitowa ta fi kisan Kaisar tayar mini da hankali.

Sakamakon fa? An kashe mutum ɗaya don a tsare jamhuriya, jamhuriyar ta tafi gaba ɗaya. A shekara ta 27 Oktabiyus ya zama Agustus, sarkin daular Rum na farko, mai watan Agusta. An gudu ba a tsira ba. Ba mamaki wasan ya ƙi tsufa. Juliyas Nyerere na Tanzaniya ya fassara shi zuwa Suwahili a 1963. A Amurka kuwa, John Wilkes Booth ya fito a wasan nan tare da 'yan'uwansa biyu a Nuwamban 1864, bayan wata biyar ya harbe Shugaba Linkon, yana ganin kansa wani Burutus.

Inda na tsinci kaina

Bara, muna ajin farko, wani abokina na ƙud-da-ƙud ya fito takarar shugabancin ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Tare muke cin abinci, tare muke karatun dare. Ana saura kwana biyu zaɓe wasu suka same ni da hoton wata hira ta WhatsApp, wai shi ne yake yi wa mutanensa alkawarin raba kuɗin ƙungiya in ya ci. Suka ce, "Kai kowa ya san ba ka da abin hannunka, kuma abokinka ne. In kai ka faɗa za a yarda." Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kwana ina gaya wa kaina cewa gaskiya ta fi abota. Ɗakinsa bai fi taku ashirin daga nawa ba, amma ban je na tambaye shi ba. Da safe na tura hoton a zauren ajinmu. Ya faɗi zaɓe.

Bayan kamar wata guda, waɗanda suka kawo mini hoton suka ɓata a tsakaninsu, ɗaya ya tona cewa haɗa shi aka yi a waya. Na je na ba abokina haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma ya ce su waɗancan bai riƙe su ba, dama abokan hamayya ne, abin da ya dame shi shi ne ban ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Har yau muna gaisawa, sai dai kowa da kwanonsa. Da izininsa na rubuta wannan.

Shi ya sa a takardata na rubuta cewa Kasiyus ne ya shuka, Antoni ne ya fi kowa rashin imani, amma ƙofar da sharrin ya shigo ta ita ce Burutus. Ba tare da shi ba maƙarƙashiyar ba za ta samu fuska ba. Kuma abin da ya kayar da shi yarda da kai ne: ya tabbata shi mutumin kirki ne, don haka bai ga buƙatar bincike ba. Wani zai iya saɓa mini, kuma ya ci maki, domin Antoni da kansa ya shaida a kan gawar Burutus cewa shi kaɗai ne bai yi don hassada ba.

Ga masu shiga jarrabawa

Na farko, kowace magana ka kawo, ka faɗi kashi da fitowa. Malami hujja yake nema, sunan da ka zaɓa ba shi ne makin ba.

Na biyu, ka kwatanta abin da tauraro ya faɗa a gaban jama'a da abin da ya faɗa shi kaɗai. Wurare uku za su ishe ka: Kasiyus a ƙarshen fitowa ta biyu ta kashi na ɗaya, Burutus a lambu, da Antoni a kan gawa.

Na uku, in an tambaye ka jawaban jana'iza, ka tuna na Burutus a zube yake, na Antoni a tsarin waƙa. Burutus ya ce a yarda da shi saboda mutuncinsa, sannan ya tafi gida ya bar wa abokin gaba dandali. Antoni ya sauko cikin mutane, ya nuna musu riga da gawa da kuɗi.

Na huɗu, kada ka gauraya wasa da tarihi. A wasan makasan takwas ne, a tarihi sun kai wajen sittin. Wasan ya ce sara 33, marubutan tarihi sun ce 23. Yaƙin Filibi na shekara ta 42 karo biyu aka yi, kwana ashirin a tsakani, Shekisfiya ya haɗe su a yini ɗaya.

Zaɓen ƙungiyarmu ya kusa, kuma na san a 'yan kwanakin nan wayoyinmu za su cika da hotunan hira da saƙonnin murya. In wani ya zo maka da irin wannan, ya fara da yabon gaskiyarka, ka tambaye shi daga ina abin ya fito, kuma me ya hana shi turawa da kansa. Ke ma 'yar'uwa haka. In kuwa wanda ake zargi abokinka ne, ka tashi ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa kafin ka danna komai.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa a yi zaɓe lafiya. Wassalam.